Tsini a Sama, Ido a Ƙasa

Hatimin Rundunar Sararin Samaniya ta Amurka faifai ne shuɗi mai duhu. A tsakiyarsa akwai wata siffa mai kusurwa uku, tsininta na duban sama, gindinta a tsage kamar na kan kibiya, wadda masu ita ke kira delta, da sunan harafi na huɗu na rubutun Girkawa. A bayan deltar ga ƙwallon duniya da layukan taswira a jikinsa, wani farin zobe ya zagaye shi a karkace, alamar hanyar da tauraron ɗan'adam ke bi. Daga sama ta gefe an ɗora tauraro guda babba, tauraron arewa, sai wasu ƙanana a cure. Can ƙasa an rubuta MMXIX da lambobin Rumawa, wato 2019. Iyakarsa ke nan. Wanda ya saba da tambarin sojoji zai ji akwai abin da babu kafin ya gano mene ne. Hatimin sojojin ƙasa na Amurka cike yake da kayan faɗa: sulke, igwa, bindiga, takobi, har da maciji. Na sojojin sama mikiya ce da aradu. Na rundunar Marine mikiya ce a tsaye bisa duniya, da angar jirgin ruwa a bayanta. Ita kanta mikiyar babban hatimin ƙasar, reshen zaitun ne a ƙafarta ɗaya, kibau goma sha uku a ɗayar, don kowa ya san zaman lafiyar na da ƙoƙon baya. Wannan sabuwar runduna kuwa ba ta sa dabba ba, ba ta sa mutum ba, ba ta sa wani makami da ido zai gane nan take ba.

An kafa rundunar ranar 20 ga Disamba, 2019, lokacin da Shugaba Donald Trump ya rattaba hannu a kan dokar tsaro ta shekara, ta zama reshe na shida na sojojin ƙasar, kuma sabon reshe na farko tun da aka yaye sojojin sama daga sojojin ƙasa a 1947. Ranar 24 ga Janairu, 2020, Trump ya fito da hatimin, kafin gari ya waye an ɗauka da dariya. Dalili kuwa shi ne zanen ya yi kama da tambarin Starfleet, rundunar ƙage ta fim ɗin talabijin mai suna Star Trek, kama ba ta wasa ba: kibiya a tsakiya, zobe a karkace, taurari a watse, rubutu a kewaye. George Takei, ɗaya daga cikin 'yan wasan fim ɗin na asali, ya yi barkwanci cewa suna jiran a biya su kuɗin haƙƙin mallaka. Jami'an rundunar suka mayar da martani da tarihi, suka ce delta tasu ce tun kafin a san da wani Star Trek. Daga nan gardamar ta tsaya a kan wa ya kwaikwayi wa, ta ci 'yan kwanakinta, ta mutu. A ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. Masu dariyar sun faɗi a hujja, amma hancinsu ya shaƙo wani abu na gaskiya. Wannan tambari yana magana ne da harshen matafiyi mai neman ganin abin da ba a taɓa gani ba, alhali aikin rundunar da ke ɗauke da shi tsare tudu ne a bisa kan duniyar nan, idonta a ƙasa, kuma kowace shekara tana ƙara matsowa kusa da faɗa.

A fara ba jami'an haƙƙinsu. Rundunar ta ce delta ta bayyana a tambarin sojojin saman Amurka tun 1942, lokacin suna ƙarƙashin sojojin ƙasa, kuma ta shiga tambarin sassan da ke kula da sararin samaniya tun 1961. Sashen sararin samaniya na sojojin sama, wanda aka kafa a 1982, wanda kuma shi ne aka sauya wa suna ya zama ƙashin bayan wannan runduna, garkuwarsa na ɗauke da delta da ƙwallon duniya da zoben falaki. Duk wanda ya ajiye tsohuwar garkuwar kusa da sabon hatimin ba ya bukatar a gaya masa jini ɗaya ne. Star Trek kuwa sai a Satumban 1966 aka fara nuna shi. Sai dai zaren ya fi haka sarƙewa. Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro fim ɗin, matuƙin jirgin yaƙi ne ƙirar B-17 a Yaƙin Duniya na Biyu, wato daga gidan da deltar ta fito shi ma ya fito. Tambarin hukumar NASA, wanda James Modarelli ya zana a 1959, yana da shuɗin faifai da taurari da farin zobe da wani jan tsini mai siffar fiffike, kuma shi ne hoton sararin samaniya da kowane Ba'amurke ya sani a shekarun da ake tsara fim ɗin. Daga baya aron ya juya baya. A 1976 masoya fim ɗin suka yi ta aika wasiƙu har Shugaba Gerald Ford ya yarda a raɗa wa kumbon NASA na gwaji suna Enterprise, sunan jirgin da ke cikin labarin, 'yan wasan kuma suka halarci bikin fito da shi. Michael Okuda, wanda ya zana alamomi da yawa na Star Trek, shi ne ya zana tambarin tafiyar da aka yi a 2009 don gyara madubin hangen nesa na Hubble. Cikin shekaru kusan sittin, soja da masanin kimiyya da mai shirya fim sun yi ta karɓa daga hannun juna har babu wanda zai iya rantsewa a kan inda nasa ya tsaya.

To amma riga kowa amfani da alama ba ya mallaka wa mutum ma'anarta. Ma'anar alama a idon masu kallo take, kuma idon da ya fi yawa shi ke rinjaye. Garkuwar 1982 mutum nawa suka san ta, in ban da waɗanda suka ɗinka ta a kafaɗa? Kibiyar Star Trek kuwa ta shafe fiye da shekara hamsin tana shiga ɗakunan miliyoyin mutane, a ƙirjin jaruman da labarin ya ce bincike ne ya kai su sama. A tsakiyar Yaƙin Cacar Baka fim ɗin ya zaunar da ɗan Rasha a ɗakin tuƙin jirgin kafaɗa da kafaɗa da Amurkawa. Ya ba baƙar mace, Nichelle Nichols, matsayin hafsa a shekarun da baƙaƙen Amurka ke tsakiyar gwagwarmayar neman 'yancinsu. Shi kansa Takei, yana ƙaramin yaro gwamnatin Amurka ta tsare shi da iyayensa a sansani saboda asalinsu na Japan, ga shi kuma a talabijin yana tuƙa jirgin bil'adama duka. Kibiyar ta jiƙu da wannan duka. Saboda haka da sojoji suka ɗaga ta a 2020, ko da daga akwatin kakanninsu suka ciro ta, ba yadda suka ajiye ta suka same ta ba. Da wuya kuma a ce masu zanen ba su san haka ba. Runduna sabuwa, mai zawarcin matasa masu ilimin kwamfuta da lissafi, mai neman kuɗi a gaban majalisa, ba ta yi asara ba idan mai kallo ya ga tambarinta zuciyarsa ta tafi ga tafiya zuwa taurari.

Bayanin da rundunar ta bayar da kanta ya ƙara ƙarfafa wannan karatu. Bayan baƙar tutar da aka buɗe a fadar shugaban ƙasa a watan Mayun 2020, a watan Yuli aka fito da wani tambarin na yau da kullum, delta ita kaɗai, aka kuma fassara kowane sashe nata. Baƙin da ke ciki duhun sarari ne mai nisa. Azurfar da ta kewaye shi kariya ce daga abokan gaba. Sassa huɗu da ke ciki su ne rundunonin ƙasa da ruwa da sama da Marine waɗanda ke tallafa wa aikin sararin samaniya. Tauraron da ke tsakiya ɗabi'un da ke yi mata jagora ne. Wasu tsinaye biyu kuma roka ce tana tashi. Cikin duk wannan, motsi ɗaya tak aka zana, shi ne tashi.

A dubi aikin. Rundunar ita ce mafi ƙanƙanta a sojojin Amurka, masu kakinta kimanin dubu goma ne, kuma kusan babu wanda ke zuwa ko'ina a cikinsu. Wasu ƙalilan sun je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kamar Nick Hague da ya tashi a 2024, amma a ƙarƙashin NASA suka tafi. Sauran suna zaune a gaban allon kwamfuta a sansanonin Colorado da California da Florida, suna karɓar aiki daga juna dare da rana. Daga sansanin Schriever, kusa da birnin Colorado Springs, suke sarrafa taurarin GPS, talatin da 'yan kai, masu shawagi a nisan kilomita kusan 20,200, kowane yana zagaya duniya sau biyu a rana. Daga sansanin Buckley suke kallon taurarin da ke hango zafin wutar makami mai linzami da zarar ya tashi. Ranar 8 ga Janairu, 2020, lokacin da Iran ta harba makamai masu linzami a kan sansanin Ain al-Asad da ke Iraƙi don ramuwar kisan Janar Ƙasim Sulaimani, waɗannan ma'aikata ne suka ga tashin makaman suka aika gargaɗi, sojoji suna cikin mafaka. Babu wanda ya mutu, ko da yake fiye da ɗari sun samu rauni a ƙwaƙwalwa saboda girgizar fashewar. Kwana goma sha shida bayan haka aka yi ta yi wa hatiminsu dariya. Daga Vandenberg kuma suke bin sawun dubun dubatar abubuwan da ke yawo a falaki, daga tauraro mai aiki har zuwa guntun ƙarfe. A duk waɗannan ayyuka babu ɗaya da ke fuskantar taurari. Eriya tana aiko da saƙo ƙasa, madubi yana leƙen ƙasa, agogon da ke cikin tauraron yana ba ƙasa lokaci. Shi kansa falaki ba tafiya ba ce: abu ne ke ta faɗowa yana kuskuren duniya, yana komawa inda ya fito. Idan akwai sashen hatimin da ya faɗi gaskiyar aikin, farin zoben nan ne da ya ɗaure duniya, amma an bar shi a baya, kibiya ta tsaya a gabansa.

Abin da zanen ya rufe, taken rundunar ya ɗan buɗe shi. Taken da Latinanci ne, Semper Supra, ma'ana kullum a sama. An gina shi ne a kan salon takwarorinsa: rundunar Marine ta ce kullum mai amana ce, masu tsaron gaɓar teku suka ce kullum a shirye suke. Waɗannan biyun hali suka ambata, abin da soja zai iya riƙewa ko ya saki. Sabon taken kuwa wuri ya ambata. Kuma wuri ne da babu shi a sararin samaniya, domin wanda ke falaki ba shi da sama ba shi da ƙasa, duk inda ya juya kansa daidai ne. Ba a zama a sama sai da wanda ke ƙasa. Take dai kirari ne, kuma babu mai sauraren kirari da ma'aunin gaskiya a hannu; ba a tambayar maroƙi ko da gaske ubangidansa giwa ne. Amma kirari ba ya ƙarya a kan abu ɗaya: yana nuna abin da mai shi ke so a ji tsoronsa a kai. Abin da wannan runduna ke so a sani shi ne ita ke riƙe da tudu, tsohuwar dabarar yaƙi da ta ce wanda ya hau dutse ya fi wanda ke kwari. Sunan da Mataimakin Shugaba Mike Pence ya sanar a Disamban 2020 cewa za a riƙa kiran dakarunta da shi, masu gadi, daga wani taken na 1983 aka ciro shi, wanda ya kira su masu gadin iyakar sama. A nan ma akwai abin dubawa, domin yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya suka jagoranci sa wa hannu, ta ce babu ƙasar da za ta mallaki ko taku ɗaya a can. An sa mai gadi a bakin iyaka a wurin da doka ta ce babu iyaka.

Tauraron arewa ya fi kowane sashe na tambarin ban sha'awa, kuma ya fi kowane sashe girman kai, ko da masu zanen ba su nufa ba. An zaɓe shi ne don ba ya motsi a ido. Sauran taurari suna juyawa, shi yana nan, matafiyin teku da na hamada suna gane arewa da shi. Sai dai ba na kowa ba ne. Tsayinsa a sama daidai yake da nisan mai kallo daga layin da ya raba duniya gida biyu: a Colorado yana can sama sosai, a Kano digiri goma sha biyu kawai ya ɗaga daga ƙasa, ginin bene ko hazon hunturu ya isa ya ɓoye shi, wanda kuma ya gangara kudu da wannan layi ba ya ganinsa sam. Ba na har abada ba ne kuma, domin sandar da duniya ke juyawa a kai tana lilo a hankali. Zamanin da ake gina dalar Masar wani tauraron ne, Thuban, ke riƙe da wannan matsayi. Wannan duk gefen magana ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, rundunar da ta ɗora tauraron a ƙirjinta ita ce ke riƙe da na'urar da ta sa mutane suka daina dubansa. Direban da ke neman hanya da wayarsa, matuƙin jirgin sama, manomin da ke auna gona, har bankuna da turakun sadarwa masu daidaita agogonsu da saƙon GPS, duk sun koma bin taurarin da ake sarrafawa daga ɗaki ɗaya a Colorado. Bambancin tauraron Allah da na ɗan'adam kuwa shi ne na biyun yana da mai shi. Ronald Reagan ya yi alkawarin buɗe GPS ga farar hula a 1983, bayan jirgin fasinjan Koriya ta Kudu ya ɓata hanya ya shiga sararin Sobiyet aka harbo shi. Duk da haka sojoji sun ci gaba da dagula saƙon da farar hula ke samu da gangan har zuwa watan Mayun 2000, lokacin da Bill Clinton ya sa aka daina. Amurka ta ce ba za ta koma ba, kuma ta cika alkawarin, amma manyan ƙasashe ba su yarda su rataya rayuwarsu a kan alkawari ba. Rasha na da GLONASS, Turai ta gina Galileo, Indiya na da nata na yanki, Sin kuma ta kammala nata a 2020, wanda ta raɗa wa suna BeiDou, sunan taurarin nan bakwai waɗanda da su ake gano inda tauraron arewa yake. Kowa na son ya zama shi ake dubawa a san hanya.

Mai musu zai ce wannan tsanani ne a kan zane. Wane tambari ne ke bayyana aikin mai shi? Sojan sama ba mikiya ba ne, yawancinsu ma makanikai ne da akawu da masu dafa abinci, ba su taɓa tuƙa jirgi ba. Gaskiya ne, amma akwai bambanci tsakanin ƙarin gishiri da sauya batu. Mikiya mai ƙumba da aradu ta ƙara wa aikin girma ne ta fuskar da aikin yake: wannan gida ne da ke saukar da wuta daga sama, ko akawun da ke cikinsa ya san abin da lissafinsa ke ciyarwa. Wanda ya ga igwa a hatimi bai ruɗe a kan abin da ake karɓar harajinsa a yi da shi ba. Delta da tauraro kuwa sun ɗauki idon mai kallo sun kai shi wani waje daban, wajen da rundunar ba ta aiki, suka bar shi can.

Musun da ya fi wannan ƙarfi shi ne a ce delta ba ta ɓoye komai ba. Kan kibiya ne, kuma kibiya makami ce tun kafin a san bindiga. Siffar fiffiken jiragen yaƙi ce masu gudun da ya wuce sauti, irin F-102 na shekarun 1950. Sunan jerin rokoki ne da suka yi wa Amurka aiki daga 1960 har 2024. A lissafi harafin na nufin canji, kuma injiniyan kumbo ba shi da ma'aunin da ya fi canjin gudu muhimmanci, domin da shi yake sanin iyakar inda mansa zai kai shi. Sannan ba Amurka kaɗai ba ce: hukumar sararin samaniyar Rasha, da ta Sin, da ta Indiya, duk akwai tsini mai duban sama a tambarinsu, domin duk wanda aka ce ya zana tashi da layi biyu, abin da hannunsa zai fitar ke nan. Na yarda da wannan duka, har ina ganin ya taɓo gaskiyar da ta fi zurfi. Ba a taɓa raba binciken sararin samaniya da yaƙi rabuwa ta ƙwarai ba. Rokar da ta ɗaga Sputnik a 1957 makami ne da aka ƙera don ɗaukar nukiliya daga nahiya zuwa nahiya. Wadda ta kai John Glenn falaki a 1962 ita ma haka. Wernher von Braun, wanda ya jagoranci ƙera rokar da ta kai mutum duniyar wata, shi ne ya ƙera wa Jamus ta Hitila makaman V-2 da aka yi ta jefa wa Landan. Taurarin leƙen asirin Amurka na farko, shirin Corona, an fito da su ne a bainar jama'a da sunan Discoverer, aka ce na binciken kimiyya ne, alhali hotunan ƙasar Sobiyet suke ɗauka suna jefo fim ɗin a kama shi da jirgi a iska. Idan aka dubi wannan tarihi, siffar da za a iya karanta ta a matsayin kumbo ko a matsayin mashi ita ce ta fi dacewa da fagen. Amma wannan bai wanke tambarin ba, ya dai nuna tsufan dabarar. Lokacin da Dwight Eisenhower, janar ɗin da ya san yaƙi ciki da bai, ya sa hannu a dokar kafa NASA a 1958, da gangan ya sa ta a hannun farar hula, don a samu layi tsakanin mai bincike da mai ɗamara, ko da layin siriri ne. Tambarin da ya sa soja ya yi shigar mai bincike yana goge wannan layi ne a idon jama'a, kuma riba ɗaya take tafiya: soja ya samu farin jinin mai bincike, mai bincike kuma ya gaji zargin da ake yi wa soja.

Akwai kuma wanda zai ce, to ai gara haka. Runduna da ta ƙi sa takobi a tambarinta ta fi wadda ke taƙama da shi, kuma mafi yawan aikinta, daga GPS da duniya ke mora kyauta zuwa gargaɗin da take bai wa masu taurari idan biyu za su yi karo, alheri ne ga kowa. Ba na musun alherin. Sai dai rashin takobi a zane ba shi ne rashinsa a kube ba. Yarjejeniyar 1967 ta hana ajiye makaman ƙare-dangi a falaki, ba ta hana sauran makamai ba. Amurka ta harbo tauraronta da makami daga jirgin F-15 a 1985, ta sake harbo wani daga jirgin ruwa a 2008. Sin ta farfasa nata a Janairun 2007, ta bar tarkace fiye da dubu uku da ake iya bin sawunsu. Indiya ta yi nata a 2019. Rasha ta yi a Nuwamban 2021, har mutanen da ke tashar sararin samaniya, cikinsu da Rashawa, suka shige kumbunansu suna jiran ko za a gudu. Amurka ta sanar a 2022 cewa ta daina irin wannan gwaji mai barin tarkace, kuma abin a yaba ne, amma faɗan sama ba lalle sai da fashewa ba. Makamin kai hari na farko da rundunar ta amsa cewa tana da shi, a watan Maris na 2020, na'ura ce da ke toshe sadarwar taurarin abokan gaba daga ƙasa. Kumbonta marar matuƙi, X-37B, ya taɓa shafe kwana 908 a falaki, kuma kaɗan ne daga abin da ya yi aka faɗa. Janar Chance Saltzman, wanda ya gaji Janar John Raymond a shugabancin rundunar a 2022, bai yi ɓoye-ɓoye ba: ya ce sararin samaniya fagen fama ne, kuma dole rundunar ta iya hana abokin gaba amfani da shi. A 2024 an ware mata kusan dala biliyan 30. Tankar yaƙi ana ganinta a fareti, jirgin yaƙi ana jin ƙararsa, gawar soja ana kawo ta gida. Faɗan da ake yi da saƙon rediyo a nisan dubban kilomita, wanda yawancin bayanansa sirri ne, ba shi da hoto. Abin da talakan da ke biyan haraji zai gani na wannan runduna, kusan duka, tambarinta ne, shi ya sa nauyin da ke kansa ya fi wanda ke kan mikiya ko anga.

Su kansu 'yan gidan sun san da wannan, domin idan aka sauka daga babban hatimi zuwa ƙananan bajojin da ake ɗinkawa a kafaɗa, waɗanda ake yi don idon juna, harshen yakan sauya. A Disamban 2013 hukumar da ke kula da taurarin leƙen asirin Amurka, wadda ba sashen wannan runduna ba ce amma suna aiki hannu da hannu, ta harba wani tauraro da bajon da ke nuna dabbar teku mai hannuwa takwas ta nannaɗe duniya, da rubutun da ke cewa babu abin da ya fi ƙarfin hannunsu ya kai gare shi. Watanni kaɗan ke nan bayan Edward Snowden ya tona yadda ake sauraren wayoyin mutane, aka yi ta surutu a kai. A cikin rundunar kanta, inda har manyan sassanta ake kira delta, an kafa wata bataliya a watan Agustan 2023 a sansanin Peterson, ta 75 a sashen leƙen asiri, wadda aikinta shi ne nazarin taurarin abokan gaba da tashoshinsu na ƙasa don a san inda za a kai musu hari. Bajonta na ɗauke da siffar da Turawa ke zana mutuwa da ita, ƙoƙon kai cikin mayafi, kuma bayanin da aka bayar ya ce tana nufin halakar duk wanda bataliyar ta sa wa ido. A ramin hancin ƙoƙon kan aka zana deltar.